Kewar Waƙa ko Kewar Sauraro? Tarken Begen Waƙoƙin Rediyo a Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni

A da, sai mutum ya fara furfura ake jin "a zamaninmu" a bakinsa. Yanzu kuwa, a majalisun Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, 'yan shekara 25 zuwa 30 ne suka fi yawan furta wannan kalma, kuma galibi a kan waƙa suke furta ta. Da zarar mai saka kiɗa a wurin biki ya tono wata tsohuwar waƙar Nura M. Inuwa ko ta Umar M. Shareef, sai zauren ya ɗauka gaba ɗaya, har da waɗanda suka shigo suna ɗaure fuska. Bayan an watse kuma sai hukunci ya biyo baya: waƙoƙin da muka ji a rediyo muna 'yan sakandare su ne masu ma'ana, na yanzu hayaniya ce kawai. Ni ma ɗan wannan tsara ne, kuma abin da ke motsa su yana motsa ni. Sai dai motsuwar zuciya daban, hukuncin tarke daban. Abin da nake so in nuna shi ne, kewar da muke ji gaskiya ce, amma mun ɗora ta a kan abin da ba shi ne ya ɓace mana ba, kuma wannan kuskuren ɗorawa yana hana mu auna waƙoƙin da ma'aunin da ya dace da su.

Hausa tana da kalmomi biyu da ke kusa da wannan hali. Bege ya fi karkata ga abin da zuciya ke so alhali ido bai gan shi ba, shi ya sa sha'irai suka riƙe kalmar wajen yabon Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Kewa kuwa ta abin da aka saba da shi ce, aka wayi gari babu shi. To, a nan ne tambaya take. Waƙoƙin da ake cewa ana kewa ba su je ko'ina ba. Suna nan a YouTube da Audiomack, suna nan a memorin kowane mai turi, kuma wanda ya so zai saurare su sau goma kafin ya gama karin kumallo. Yaya za a yi kewar abin da ke cikin aljihu?

Wannan tambaya ta girme mu nesa. A shekarar 1688 wani ɗalibin likitanci mai suna Johannes Hofer ya rubuta kundinsa a birnin Basel na ƙasar Suwizalan a kan wata cuta da ke kama waɗanda suka yi nisa da gida, ya raɗa mata sunan da Turawa ke kiran wannan hali da shi har gobe. Daga baya labari ya bazu cewa sojojin hayar Suwizalan da ke aiki a ƙasashen waje, idan suka ji waƙar makiyayan garinsu, sukan fashe da kuka ko su gudu daga bakin aiki. Da Jean-Jacques Rousseau ya zo kan wannan labari a ƙamusunsa na kiɗa na 1768, sai ya lura da cewa baƙo ba zai ji komai na ban mamaki a cikin sautin ba. Ƙarfin waƙar yana cikin abin da take tuna wa mai ita. Waƙar alama ce ta tuni. Abin da ya sami sojan haya saboda nisan ƙasa, shi ne yake samun mu saboda nisan shekaru, ko da kuwa ba mu bar layin da aka haife mu ba. Don haka kafin a tambayi ingancin waƙoƙin, ya kamata a tambayi abin da suke tunatarwa, wato yadda aka ji su, da inda aka ji su, da halin da garin yake ciki a lokacin.

Kano tsohuwar mai sauraro ce. Tun 1944 aka kafa rediyon waya a birnin, ana jan igiya zuwa lasifikoki a dandali da gidajen masu hali, sannan rediyon Kaduna ya zo a 1962 ya game Arewa. Daga nan aka gaji al'adar zaɓi-sonka, inda mai sauraro zai aika kati ya jero sunayen 'yan uwa da abokai kafin a saka masa waƙa. Amma rediyon da tsarata ta buɗe kunne ta tarar, rediyon zango FM ne mai zaman kansa. Freedom ta fara watsa shiri daga Sharaɗa a watan Disambar 2003, kuma a shekarun da suka biyo baya aka sami Dala da Rahama da Wazobia da Cool, ga Pyramid ta gwamnatin tarayya, ga Rediyon Kano na jiha, daga baya Arewa da Express suka shigo. Katin zaɓe ya koma kiran waya da saƙon tes, gaisuwar dai ita ce ba ta canja ba.

Duk wanda ya taso tsakanin Court Road da titin Zariya, ko tsakanin kasuwar Tarauni da Darmanawa, zai iya tuna cewa ba a cika mallakar waƙa ba a farkon waɗannan shekaru. Cin karo ake yi da ita. Tana fitowa daga shagon tela, tana gauraye da ƙarar keken ɗinki. Tana fitowa daga teburin mai shayi, daga ƙaramin akwatin batir da ke rataye a ƙusa a shagon mai aski, daga tsakar gida inda uwa ke tankaɗe. Yaron da ya sami 'yar ƙaramar waya sai ya nemo igiyar kunne ya soka, domin ita ce eriya, in babu ita tasha ba za ta kama ba, sa'an nan ya raba kunnuwan biyu da abokinsa. Ba kai ke zaɓa ba. Mai gabatarwa ne ke zaɓa, ko wata baiwar Allah da ta bugo daga Unguwa Uku tana gaida ƙawayenta. Kana iya kwana uku kana dakon waƙa guda, idan ta zo kuma mai shirin ya yi surutu a kan baitin farko, ya datse na ƙarshe da tallan maganin gargajiya, ko lokacin salla ya yi a dakatar da komai. Watan azumi na kamawa sai tafsiri da waƙoƙin bege su karɓe filin, a jira bayan salla.

Duk waɗannan abubuwa, a lokacin, cikas muke ɗaukar su. Yanzu da aka kawar da su sai ga shi ashe su ne rabin daɗin. Jira yana ƙara wa abu daraja, wannan sananne ne. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne tarayya. Idan waƙa ta tashi a tasha da ƙarfe huɗu na yamma, ka san cewa a daidai wannan minti tela yana jin ta, ɗan kasuwar Farm Centre yana jin ta, majinyaci a asibitin Malam Aminu Kano yana jin ta, kuma, abin da ya fi komai muhimmanci ga ɗan shekara 15, wadda kake jin kunyar yi wa magana a hanyar Islamiyya ita ma wataƙila tana jin ta a ɗakin mahaifiyarta. A garin da saurayi da budurwa ba su da wuraren haɗuwa da yawa, rediyo ya zama zaure na iska. Sunan da aka karanta a filin gaisuwa, ko da na laƙabi ne, ya fi wasiƙa isa, domin duk unguwa ta ji, kuma babu wanda zai iya kama ka da laifi. Wayar zamani ta ba kowa waƙar da yake so a lokacin da yake so, ta kuma raba kunnuwan nan biyu: kowa ya toshe nasa.

Akwai kuma abin da masu kewa ba sa son a taɓo. Shekarun da ake kira na daɗi, wato daga 2012 zuwa 2015, su ne shekarun da Kano ta fi shiga firgici a tarihinta na kusa. Ranar Juma'a 20 ga Janairun 2012 aka kai hare-haren da suka hallaka mutum fiye da 180, kuma ofishin fasfo na Farm Centre, a cikin Tarauni, yana daga wuraren da aka afka wa. Dokar hana fita ta biyo baya, shingayen bincike suka cika tituna. A Janairun 2013 aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero hari, gwamnati ta hana haya da babur. A Nuwambar 2014 aka kai hari babban masallacin Juma'a na cikin gari. Ranar 18 ga Nuwambar 2015 bama-bamai suka tashi a kasuwar waya ta Farm Centre, wato wurin da yaran unguwanninmu ke zuwa a tura musu waƙoƙi. Wanda yake ɗan shekara 13 a 2012 ya yi ƙuruciyarsa ne a ƙarƙashin kashedin iyaye: kada ka yi nisa, kada ka tsaya a taro, ka dawo kafin magariba.

Wannan ya bayyana dalilin da ya sa rediyo ya yi mana tasirin da bai yi wa waɗanda suka biyo bayanmu ba. An tsare mu a gida, kuma akwatin da iyaye suka kunna don su ji inda abu ya fashe da lokacin da za a sassauta doka, shi ne akwatin da, bayan labarai, zai sako muryar wani saurayi yana roƙon masoyiyarsa ta dawo. Ana iya kallon wannan a ce gudun gaskiya ne, a ce mawaƙan sun rufe ido ga jinin da ke zuba suna waƙar zuciya da hawaye. Akwai ƙamshin gaskiya a zargin, domin kaɗan ne daga cikin waƙoƙin da suka yi tashe suka dubi abin da ke faruwa kai tsaye, kuma ba sai an faɗa wa kowa dalilin shirun ba. Amma ina ganin akwai wata fuskar. Jigon da ya mamaye waƙoƙin wancan zango bai tsaya ga murnar soyayya ba. Rabuwa ce, da rashi, da ƙaddara, da haƙuri a kan abin da ba ka da iko da shi. Garin da ke binne mutanensa yana kuma tsoron ambaton wanda ya kashe su ya sami inda zai zubar da hawaye ba tare da an tambaye shi dalili ba. Ba na da'awar cewa mawaƙan sun nufi haka. Masu sauraro ne suka kai kayansu suka sauke a inda suka sami fili. Saboda haka idan ɗan tsarata ya ji "Dawo Dawo" ta Nazifi Asnanic ya ji ƙirjinsa ya yi nauyi, cikin nauyin nan har da kulle ƙofa da wuri da sauraren ƙarar da ba a san daga ina ta taso ba. Kewa ta tace wannan duka, ta bar masa zaƙin kawai. Ai dama an ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, amma ba a ce barar ta kasance yadda ake tuna ta ba.

To, idan aka cire tuni aka ajiye gefe, me ya rage a cikin waƙoƙin kansu? A nan ne aikin matarki yake, kuma a nan ne kayan aikin da Abdulƙadir Ɗangambo da Sa'idu Muhammad Gusau suka tanadar wa ɗaliban waƙa suke da amfani, ko da yake ba don irin wannan waƙa aka fara ƙera su ba. Waƙar nanaye 'yar gida uku ce. Ta ɗauki amshi da karɓa-karɓa daga waƙoƙin gaɗa na 'yan mata a dandali. Ta ɗauki tsarin namiji ya yi baiti mace ta mayar, da kuma yin waƙa don wani ya hau a fim, daga finafinan Indiya da Kanawa suka shafe shekaru suna kallo. Ta ɗauki jikinta daga fiyanon Yamaha da kwamfutar situdiyo, kamar yadda Abdalla Uba Adamu ya daɗe yana bayani a rubuce-rubucensa. Tun bayan fim ɗin Sangaya na 1999 wannan zubi ya kafu, kuma da yawa daga cikin situdiyoyin da ake sarrafa shi a Zoo Road suke, tafiyar ƙafa daga Gyaɗi-Gyaɗi. Waƙar da muke ji daga iska, a bayan gidanmu ake dafa ta.

Raunin wannan zubi a fili yake ga duk wanda ya saurari guda ashirin a jere ba tare da tuni ya rufe masa kunne ba. Amsa-amo yakan zama ubangida maimakon bara: mawaƙi ya kama gaɓa guda, sai ya yi ta jawo kalmomi don su faɗa a kanta, ko sun dace da ma'ana ko ba su dace ba, har a wayi gari baiti ya ƙare da kalmar da babu abin da ya kawo ta sai ƙarshenta. Siffantawa ta taƙaita ga rumbu ɗaya da kowa ke ɗiba: zuciya, ruhi, zuma, madara, fure, tauraro, hawaye. Masoyiyar da ake yabo ba ta da unguwa, ba ta da sana'a, ba ta da wani hali da zai bambanta ta da ta waƙar da ta gabata. Ga kuma matsalar da ta fi waɗannan zurfi. Hausa harshe ne mai karin sauti da tsawon wasali, kuma makaɗan baka irin su Shata da Ɗanƙwairo suna gina rerawarsu ne a kan hawa da saukar maganar kanta. Idan aka fara ɗauko rauji daga wani wuri, sa'an nan aka zo ana cusa masa kalmomi, dole wata kalma ta karye: a ja gajeren wasali, a danne dogo, a ɗaga abin da ya kamata ya sauka. Na'urar gyaran murya kuma ta zo ta shafe sauran bambancin, har muryoyin mutum biyar su koma kamar ta mutum ɗaya mai mura. Yawancin abin da muka ji a rediyo a wancan lokaci haka yake, kuma babu laifi a faɗa.

Amma ba duka ba. Cikin tarin akwai waɗanda suka tsaya da ƙafarsu, kuma abin lura shi ne kowannensu ya tsira ne ta hanyar komawa ga wani abu da Hausa ta riga ta mallaka. Ƙarfin Nura M. Inuwa yana wajen zaren tunani: yakan ɗauki hali guda, maraici ko cin amana ko jiran abin da ba zai zo ba, ya bi shi baiti bayan baiti kamar mai ba da labari, da jimloli masu kama da karin magana, ta yadda ko an cire kiɗan an karanta a takarda akwai abin da zai saura. Umar M. Shareef ba nan gwanintarsa take ba. Kalmominsa sau da yawa na kowa ne, amma yana da kunnen rauji, ya san inda zai sassauta murya kalma ta zauna daidai, shi ya sa waƙoƙinsa suka fi saurin kama baki, suka kuma fi saurin gundura idan an maimaita. Aminu Ala ya shigo da horon rubutacciyar waƙa, da ƙidayar ɗango da zaɓen kalma, kuma a "Baubawan Burmi" ya nuna cewa fiyano na iya ɗaukar zambo da habaicin siyasa. Naziru M. Ahmad ya juya ga kiɗan fada da kirari, ya sa yaran da ba su taɓa zama sun saurari Narambaɗa ba suka ɗanɗani wani abu daga wannan gado, ko da a gwangwani ne. Waɗannan bambance-bambance su ne abin da kewa take shafewa. Mai kewa yana son su duka daidai wa daida, gwani da ɗan koyo, domin duk a shagon tela ɗaya ya ji su.

Ba zan wuce ba tare da ambaton ɗaya ɓangaren akwatin ba. A unguwanni irin namu, inda ma'aikatan asibiti da ɗalibai da 'yan kasuwa daga sassan ƙasa suke zaune tare da 'yan gari, juya maɓalli kaɗan ne tsakanin nanaye da "Oliver Twist" ta D'banj ko "Aye" ta Davido. Mun haddace su ba tare da mun fahimci rabin Yarabancin da ke ciki ba. Abin dariya shi ne, su ma yanzu an saka su cikin "waƙoƙi masu ma'ana", wanda hakan kaɗai ya isa ya nuna cewa ba ma'ana ake nufi ba.

Hukuncin nan na "masu ma'ana" yana da wani aibi da ya fi rashin daidaito. Gado ne da muka karɓa daga waɗanda suka yi amfani da shi a kanmu. Kalmar nanaye kanta da raini aka fara jefa ta. Iyayenmu da suka taso da Shata, wanda ya rasu a 1999, da Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, sun ce waƙoƙinmu kwaikwayon Indiya ne, babu azanci, babu kunya. Hukuma ma ta faɗi nata: an ɗaure Adam A. Zango a 2007 saboda kundin Bahaushiya, a watan Yunin 2009 wata kotu a Kano ta haramta waƙoƙi 11 a zama ɗaya, wata guda bayan haka aka kama Aminu Ala. Wato waƙoƙin da muke ɗauka a matsayin ma'aunin tarbiyya a yau, jiya-jiyan nan su ne ake ƙwace wayar yaro saboda su. Da ce-ce-ku-ce ya tashi a kan "Warr" da "Chass" na Ado Gwanja a 2022, da yawa daga masu jifa 'yan tsarata ne, da duwatsun da aka jefe mu da su. Ba ina cewa duk waƙa ɗaya ce ba, ko babu abin zargi a cikin na yanzu. Akwai, kuma da yawa. Ina cewa wanda zai zarga ya kawo hujja daga cikin waƙar, daga jigonta da salonta da yadda ta riƙe harshe. Shekarar da mutum ya shiga aji uku ba hujja ba ce.

Kuma idan ana neman wanda ya kashe wancan zamani na sauraro, ba sai an je TikTok ba. Mu ne. Tun rediyo yana kan ganiyarsa muka fara tsallaka titi zuwa Farm Centre da memori a hannu, a cika mana shi da waƙoƙi ɗari a kuɗin da bai kai na kwanon abinci ba, mu dawo mu rarraba ta Bluetooth, daga baya ta Xender. Bayan hana babur, 'yan adaidaita sahu suka cika gari da lasifikokinsu, su ma daga memori suke sakawa. Kowane turi yana rage dalilin jiran mai gabatarwa, yana kuma rage abin da zai shiga aljihun mawaƙi, domin kasuwar faifai da ta riƙe masana'antar a haka ta durƙushe. Mawaƙa suka koma ga abin da ke biya: waƙar biki mai jero sunan amarya da ango, da waƙar siyasa, wadda "Masu Gudu Su Gudu" ta Dauda Kahutu Rarara ta nuna ƙarfinta a zaɓen 2015. Lokacin da "Jarumar Mata" ta Hamisu Breaker ta game ƙasa a 2020, cikin kullen korona, ta hanyar bidiyon rawa a waya ta yaɗu, rediyo ya biyo sahu daga baya. An sake kulle gari kamar 2012, amma wannan karon kowa da allonsa.

Abu na ƙarshe da kewa take ɓoyewa ya fi ba ni takaici, domin ya shafi haƙƙi. A tambayi duk mai cewa "a zamaninmu" ya lissafo mawaƙan da yake kewa, zai jero maza biyar ko shida ba tare da ya numfasa ba. Amma zubin nanaye na mutum biyu ne. Kusan kowace waƙa da ya haddace rabinta muryar mace ce, kuma sau da yawa wannan rabin ne yake rerawa idan ya keɓe, domin a nan amshin yake. Tsarin da aka aro daga Indiya ya zo da rabon da bai yi wa mata adalci ba. A can, sunan Lata Mangeshkar yakan sayar da faifai da kansa. A nan kuwa, fim yana nuna fuskar jaruma tana motsa baki, kundi yana ɗauke da hoton namijin da ya rubuta, mai gabatarwa a rediyo ya ambaci sunansa shi kaɗai ya wuce, wadda ta shiga situdiyo ta rera kuma a sallame ta da kuɗin aikin yini. Fati Nijar da Maryam A. Baba sun yi sunan da ya fasa wannan shinge, Maryam Fantimoti da Zuwaira Isma'il da Murja Baba ma masu bibiya sun san su, amma ɗan sakandaren da ke sauraro a shagon aski muryoyinsu ya sani, bai san wace ce ta yi wace ba. Haka makaɗan da suka zauna gaban fiyano suka ƙirƙiro sautin da muke ganewa tun daga daƙiƙa biyun farko. In ba mawaƙi ya ambace su a ƙarshen waƙa ba, kuma galibi daidai nan ake datsewa a saka talla, babu mai jin sunansu.

Wannan giɓi ya bi waƙoƙin har inda suke a yau. Fayil ɗin da ya fito daga kwamfutar mai turi ya shiga intanet da sunan namiji da sunan fim, wani lokaci ma da lambar wayar shagon da aka tura shi, babu shekara, babu makaɗi, babu mai amshi. Ɗalibin da zai rubuta kundin digiri a kan waƙoƙin 2013 zai tarar da sautin cikakke, amma sai ya bi Zoo Road shago-shago yana tambayar waɗanda suka rage kafin ya san wace ce ta rera baiti na biyu.